Camry 1999 tana zafi a doguwar hanya duk da an cire tamostat, daga ina zan fara dubawa?

Malamin Lissafi:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a nan ban taɓa sa baki ba, yau dai tura ta kai bango.

Motata Toyota Camry ce ƙirar 1999, wadda ake ce wa fensir, inji 2.2 mai silinda huɗu, giyarta otomatik. 'Yar Amurka ce, mil take ƙirgawa ba kilomita ba, kuma ta haura 210,000. Shekara shida ke nan tana hannuna, tsakani da Allah ba ta taɓa kunyata ni ba sai bana. Ina koyarwa a wata sakandare a Zariya, gidana yana wajen Samaru, iyayena kuma suna Funtuwa. Aikinta bai wuce in sauke yara a makaranta in wuce wurin aiki ba, sai ƙarshen mako mu je gaida tsofaffi.

A farkon bazarar nan, wata Asabar muna hanyar Funtuwa da iyali, mun ɗan wuce Shika sai na ga allurar zafi ta bar tsakiya inda ta saba zama, tana hawa a hankali. Na kashe esi, ta ɗan sauko. Na sake kunnawa, ta sake hawa. Haka muka lallaɓa har gida gilashi a sauke, uwargida tana ta mita, ƙura ta yi wa yara hoda. Da muka dawo na kai ta garejin da na saba yin juye. Ogan bai ko tayar da motar ba ya ce, "Malam ai tamostat ne. Abin Turawa ne na ƙasar ƙanƙara, mu nan ba ruwanmu da shi." Ya kwance, ya ciro shi duk tsatsa, ya nuna mini, ya wurga cikin tarkace. Sannan ya ce zai yi mini fanka dairek, wato da na murɗa makulli ta kama juyawa ba tsayawa. Na biya kuɗi, na tafi ina ta godiya.

To ga abin da ya biyo baya. A cikin gari allurar ba ta ma kaiwa tsakiya yanzu. Da safe sai in isa makaranta tana kwance a ƙasa kamar ban tayar da motar ba. Amma in na hau doguwar hanya da rana, na riƙe mil 60 zuwa 65 da esi a kunne, kafin in kai Giwa ta fara hawa kamar da. Ciwon yana nan ke nan, lulluɓi kawai aka yi masa.

Kuma an ƙara mini wasu. Da, lita 20 kan kai ni daga Litinin zuwa Juma'a har da ɗan saura. Yanzu ranar Alhamis nake ganin wutar mai ta kama. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 kuwa, ba malamin makarantar da ke wasa da lita ɗaya. Wutar cek injin ma ta kama. Wani abokin aikina yana da 'yar na'urar nan da ake soka wa a ƙarƙashin sitiyari ta nuna lamba a waya, muka gwada, ta ba mu P0125. Sai kuma ruwa: duk mako sai na ƙara kamar rabin gora a lagireto. Bayan doguwar tafiya robar ajiyar ruwan nan ta gefe takan cika har ta yi ambaliya, kuma in motar ta huce ruwan ba ya komawa. Kafin wani ya tambaya, eh, ruwan burtsatsen unguwarmu nake zubawa, shekara da shekaru.

Hutun makaranta ya zo, ina da mako biyu. Ina da sufanu, sukundireba, filaya, da mitar gwada wuta da zan iya arowa a ɗakin gwaje-gwajenmu. So nake in duba da hannuna kafin in koma gareji, don na san abin da za a ce mini: gasket ne, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da jikinsa, a sauke kan inji. Kuɗin da za a kira kuwa albashina ba zai ɗauka ba. Shin in mayar da tamostat ɗin ko in bar shi? In gasket ne da gaske, yaya mutum zai gane a gida? Kuma da me ya kamata in fara?

Direban Golf:

Wa alaikumus salam Malam. Ni shekarata ashirin da wani abu ina lodi tsakanin Kano da Katsina, motoci huɗu na kashe a hanyar nan, kuma ba wadda na bari da tamostat. Ranar da mota ta shigo hannuna ranar ake cire shi. Dalili kuwa na gani da idona: abin nan in ya maƙale a rufe, cikin minti goma inji ya ƙone, kana tsakiyar daji da fasinja. Wanda babu shi a motarsa ba zai taɓa ganin wannan ba. Bakanikenka bai cuce ka ba.

Lagiretonka ne ya gaji. Ka shiga Ƙofar Ruwa ka nemi mai layi biyu, na alminiyam, ka ɗora, ka manta da zancen. In kuɗi bai kai ba, ka zuba garin sabulun wanki a ciki ka yi kwana biyu kana yawo da shi, sannan ka zubar ka ɗauraye. Haka muke yi. Maganar shan mai kuma, Malam, fetur ɗin yanzu ne ba ya auki, kowa kuka yake.

Tsohon Bakanike:

Malam, sannu da ƙoƙari. Bayaninka ya yi kyau, da masu mota haka suke zuwa mana da magana da aikinmu ya yi sauƙi. Na yi shekara talatin da biyar a gareji kafin gwiwa ta zaunar da ni, na fara da Fijo 504, na ƙare da irin motarka.

Direba ya yi gaskiya a abu ɗaya, ina zargin lagireton nan ni ma. Amma a sauran ban bi shi ba. Garin sabulu kada ka kuskura. Kumfa yake yi, kumfa kuwa ba ta ɗaukar zafi, kuma ba ya narkar da farin dutsen da ruwan burtsatse ke bari. Shan mai ma ba laifin gidan mai ba ne, ai kai da kanka ka ce bayan an cire tamostat ya fara.

Ka riƙe wannan, don shi ne mabuɗin ciwon zafi: motar da ke zafi a cunkoso ta huce in ta hau titi, fanka ce. Wadda ke lafiya a gari ta yi zafi a doguwar hanya, ruwa ne ba ya zagayawa yadda ya kamata, ko iska ba ta ratsa lagireto. A mil 60 iskar hanya ta fi ta fanka nesa ba kusa ba, don haka dairek ɗin da aka yi maka ba abin da ya tsinana. Da tamostat ne ya maƙale a rufe kuwa, da ba za ka kai Shika daga Samaru ba.

Aikin tamostat shi ne ya tsare ruwa a cikin inji har ya yi ɗumi, na motarka yana fara buɗewa a wajen digiri 82. Injin nan 5S-FE kwamfuta ce ke auna masa mai. Muddin ta ga ruwa da sanyi, tana ƙara fetur kamar yadda muke jan cok a tsofaffin motoci. Kai kuma tafiyarka ta safe gajera ce, ga fanka na hura lagireto tun daga ƙofar gida, to yaushe injin zai yi ɗumi? Lambar da kuka gani abin da take faɗa ke nan, ruwa bai yi zafin da kwamfuta za ta daidaita mai ba. Wani lokaci sensar salansa ma kan jawo ta, amma ka fara da abin da ka san an taɓa. Ban da asarar mai, fetur ɗin da ya yi yawa yana wanke jikin silinda ya gangara cikin baƙin mai ya tsinka shi. Zaro sandar gwada mai ka shinshina, za ka ba ni labari.

Yanzu gasket, tunda shi ke hana ka barci. Da sassafe, motar ta kwana ba a tayar ba, ka buɗe murfin lagireto ka cika shi har wuya. Ka tayar, ka tsaya kana kallon bakin. In kumfa na fitowa ɗaya bayan ɗaya ba ƙaƙƙautawa, ko ruwan ya yi tsalle in an taka totur, to labari ba daɗi. In 'yan ƙwaya biyu uku ne suka fito suka tsaya, iska ce kawai. Ka duba ƙarƙashin murfin baƙin mai da sandar gwaji, in ka ga kalar shayi da madara, ruwa ya haɗu da mai. Ka duba salansa bayan inji ya yi ɗumi, ko akwai farin hayaƙi mai kauri mai ɗan ƙanshin zaƙi. Ka kwance fulogi huɗun ka jera, in ɗaya ya fita fes kamar an wanke shi alhali sauran da ɗan toka, wannan silindar tana shan ruwa. In duk ba ka ga ko ɗaya ba, ka kwantar da hankalinka.

Abin da na fi zargi a zancen raguwar ruwa shi ne murfin lagireto, abin da ba wanda ke kallo. Ruwa a tukunya yana tafasa a digiri 100, a tudu irin Zariya ma bai kai ba. Murfin nan shi ke danne shi, za ka ga an rubuta 0.9 a samansa, da wannan matsin sai ya kai wajen 120 bai tafasa ba. In robar murfin ta tsage ko sifirin ya saki, ruwa zai gudu zuwa robar gefe tun kafin lokaci. Akwai kuma ɗan ƙaramin bawul a tsakiyarsa da ke barin ruwan ya dawo in inji ya huce. Ka ce naka ba ya dawowa. To ka juya murfin ka duba, ka duba siririn tiyon da ya tafi robar ma ko ya tsage.

Sai lagireton kansa. Bayan ka yi tafiya ka kashe mota, ka zare makulli, ka ɗan jira, ka shafa bayan hannunka a jikinsa daga sama zuwa ƙasa, daga hagu zuwa dama. Zafin ya kamata ya ragu a hankali daga sama zuwa ƙasa. In ka ji wani yanki da sanyi alhali gefensa na ƙuna, layukan wurin sun toshe. Sannan ka haska tocila tsakanin lagireto da kwandensar esi da ke gabansa. Shekara shida na hunturu da ƙura, ni na san abin da za ka gani.

Malamin Lissafi:

Baba, Allah ya saka da alheri, ya ƙara wa gwiwa lafiya. Yau da asuba bayan na dawo masallaci na yi gwajin kumfar. Ƙwaya uku ko huɗu suka fito, shi ke nan, na tsaya minti goma ban ƙara ganin komai ba. Baƙin mai baƙi ne, ba madara, amma ƙaurin fetur kam kamar yadda ka faɗa. Murfin kuwa da na juya shi kunya ta kama ni, robar ta tsattsage kamar ƙafar manomi a hunturu, ɗan bawul ɗin tsakiya yana reto. Fulogi sai gobe, sai na ari doguwar soket mai lamba 16.

Direba, na gode da shawara, ban raina ba. Tsoron da ka faɗa na maƙalewa ni ma yana raina.

Maman 'Yan Biyu:

Malam, ni ba bakanikiya ba ce, amma irin motarka nake ja, ƙirar 2000, kuma tun rasuwar maigidana ni ke kula da ita. Abu biyu zan ce.

Don girman Allah kada ka buɗe murfin nan in motar da zafi, ko da tsumma. Ƙanena ya yi haka a hanyar Kaduna, har yau da tabo a hannunsa daga wuyan hannu zuwa gwiwa. Ka jira sai ka iya matsa babban tiyon sama da hannu ka ji ya yi laushi.

Na biyu, ruwan kulan ɗin nan mai launi da ake zuba wa lagireto guba ne, kuma zaƙi gare shi. Ka ce kana da yara. In ka zubo tsohon ko ka sayo sabo, kada ka bar shi a buɗaɗɗen roba a tsakar gida, kada kuma ka juye shi a gorar lemo. Awaki da kyanwa ma suna lasa su mutu.

Ni ba na sa ruwan famfo. In na sayi kulan wanda ba a riga an gauraya ba, ina haɗa shi rabi da rabi da tataccen ruwan da ake ƙara wa batir. Ka tabbatar ka ce wa mai shago tataccen ruwa, ba asid ba, don a shago ɗaya ake sayar da su kuma gorunan sun yi kama. Ka karanta jikin galan ɗin, wasu an riga an haɗa, in ka ƙara ruwa ka ɓata.

Mai Wayarin:

Malam, kafin ka nemi inda aka yanka waya, leƙa ƙasan lagireto tukuna. A wannan Camry ɗin akwai makunnin fanka da aka ɗaura a tankin ƙasa, da soket a jikinsa. Yadda Toyota suka tsara shi, in aka zare soket ɗin, fanka za ta kama aiki da zarar an buɗe makulli. Da gangan suka yi haka, don in waya ta tsinke kada inji ya ƙone. To da yawa dairek ɗin da ake karɓar kuɗi a kai, zare soket ne kawai. In ka same shi yana reto, ka goge shi ka mayar, ka ji ya yi ƙas.

Gwajinsa ba wuya. Inji da sanyi, ka sa mitarka a bakin makunnin, ya kamata ta nuna a haɗe yake. In ka mayar da soket fanka ta yi shiru, daidai ne. Ka bar motar a sulo ba esi, ka zuba wa allura ido, in ruwa ya kai wajen digiri 93 fanka za ta tashi da kanta, ta yi ɗan lokaci ta tsaya. In allura ta wuce tsakiya fanka ba ta tashi ba, kashe motar, makunnin ya mutu, sai ka sake zare soket ɗin har ka sami wani. Ka kunna esi kuma ka tabbatar fankokin biyu duk suna juyawa.

In kuwa da gaske an yanka waya an ja daga wani wuri, ka ɗauko hoto ka sa a nan mu gani. Ka cire kan batir na nagetif kafin ka taɓa komai, musamman da za ka yi aiki kusa da altaneto.

Direban Golf:

To ni dai na faɗi nawa. Ku masu karatu ku mayar, mu 'yan tasha muna nan muna kallo. Amma Malam in za ka saka, kada ka sayi na bakin titi mai arha, wannan shi ne mai maƙalewar.

Malamin Lissafi:

Salam. Kwana tara ke nan, na ga ya kamata in dawo in faɗi yadda aka ƙare, ko wani zai amfana.

Mai Wayarin, kamar kana wurin. Soket ɗin na same shi a zare, an naɗe shi da baƙin salatif an cusa bayan tiyo. Ba waya ko ɗaya da aka yanka. Na daɗe a tsugune ina kallonsa ina tuna kuɗin da na biya. Na mayar, makunnin lafiyarsa ƙalau.

Fulogi huɗun duk kalarsu ɗaya, baƙi-baƙi da ɗan gawayi, ba wanda aka wanke. Sai dai ramin na uku na tarar da ɗan baƙin mai a ciki, wannan na ajiye shi gefe tukuna.

Gwajin shafa hannu ya nuna abin da Baba ya ce. Gefen direba zafi, tsakiya kuwa faɗin tafin hannu biyu ɗumi-ɗumi kawai. Don haka na yanke shawarar sauke lagireton gaba ɗaya. Na tsiyaye ruwan ta ɗan makunnin roba da ke ƙasa, abin da ya fito kalar kunun kanwa ne da ya kwana. Na cire tiyon sama da na ƙasa, na zare soket ɗin fankoki, na kwance ƙarafa biyun da suka riƙe shi ta sama. Abin da ba wanda ya gaya mini, kuma ban lura ba sai da jan mai ya zubo mini a hannun riga: tunda giyar otomatik ce, akwai ƙananan tiyo biyu na man giya da ke shiga ƙasan lagireto. Duk mai shirin yin wannan aiki ya tanadi abin toshe su. Ni da murfin biro biyu na toshe, daga baya na ƙara man giya kaɗan.

Da na ɗaga shi sama na ga tsakaninsa da kwandensa, sai da na kira uwargida ta zo ta gani. Ƙura ta haɗu da gashin kaza, ganyen darbejiya da wata baƙar leda, sun zama kamar tabarma, sun rufe kusan kashi ɗaya cikin uku na fuskar. Shekara shida ina wanke motar nan duk Juma'a, ban taɓa sanin akwai wannan wurin ba. Na wanke kwandensar da tiyo daga baya zuwa gaba, a hankali don kada in lanƙwasa siraran ganyayyakin.

Cikin lagireton kuma na leƙa ta wuya, bakin layukan duk farin dutse, irin wanda ke kama gindin butar shayi. Na kai wa masu wankin lagireto, mutumin ya ce zai iya buɗe tankin ya zura ƙarfe a layukan, amma ya nuna mini wani siririn tsagu a robar tankin sama kusa da wuya, da farin busasshen ruwa a gefensa. Ya ce in ya buɗe ba ya ba da tabbacin za ta koma. Na ji daɗin gaskiyarsa. Nan ma ashe ruwa ke bi. Na rufe ido na sayi sabo, mai layi ɗaya irin na asali, don mai layi biyun da Direba ya ce kuɗinsa ya fi ƙarfina. Na sayi murfi mai 0.9, da tamostat mai 82 da robarsa.

Saboda maganar Direba, ban saka tamostat ɗin ba sai da na gwada. Na ɗaure shi da zare na rataya a tukunya, na ɗora a risho, na sa ma'aunin zafin da na aro a makaranta. Yana wuce 80 kaɗan ya fara buɗe baki, kafin ruwan ya tafasa ya buɗe sosai, da na tsamo shi ya huce ya rufe. Yarana sun tsaya a kaina suna kallo, babbar har tana rubuta lambobin. Uwargida dai ta ce tukunyar ta zama tawa, kada ta sake ganinta a kicin.

Wurin saka shi, in ka bi tiyon ƙasa zuwa jikin inji, noti biyu ne masu lamba 10. Na ƙasan ya ba ni wuya, sai da na fasa ɗan yatsa. Akwai ɗan ƙaramin ƙarfe mai motsi a gefen tamostat ɗin, shi na sa ya kalli sama don iska ta samu hanyar fita. Ban ɗaure da ƙarfi ba, na ji tsoron karya kusar. Na ɗauraye injin sau biyu kafin in zuba kulan, Maman 'Yan Biyu, na bi maganarki, rabi da rabi da tataccen ruwa, ya ci kusan lita bakwai. Na bar murfi a buɗe, na murɗa hita zuwa ƙarshe, na bar ta a sulo har tiyon ya yi zafi ruwan ya faɗa, na ƙara, na rufe. Washegari da safe na sake ƙara kamar kofi ɗaya. Na yi juye kuma, tunda tsohon man ya sha fetur.

Jiya Asabar muka je Funtuwa, mun tashi ƙarfe ɗaya na rana da gangan, esi a kunne tun daga Samaru. Allura ta hau tsakiya kafin mu fita gari, ta zauna a nan kamar an buga mata ƙusa, har muka je muka dawo. Mun goge lambar da na'urar abokina, kwana huɗu ba ta dawo ba. Maganar shan mai ba zan ce komai ba tukuna sai an koma makaranta na auna mako guda cur.

Sai dai Baba, ga wata sabuwa. Yau da safe na ga ɗigo biyu na kulan a ƙasa, ba ta wajen lagireto ba, ta gefen fasinja, daidai ƙarƙashin baƙar robar da ta rufe taimin bel. Na share, na sa kwali, zuwa azahar na ga ɗigo ɗaya. Kuma gaskiya tun da na sayi motar ban taɓa canja bel ɗin ba, ban san ko mai ita na farko ya canja ba.

Tsohon Bakanike:

Madalla Malam, aiki ya yi kyau. Ɗigon nan famfon ruwa ne, kusan tabbas. Da can murfinka ba ya riƙe matsi, shi ya sa bai nuna ba, yanzu da komai ya matse sai ya bi ta inda ya fi rauni. A injin nan taimin bel ne ke juya famfon ruwa, har da famfon baƙin mai, don haka aiki ɗaya ne: bel, famfo, tayoyin da bel ke bi, da sil ɗin mai na wurin, duk a canja lokaci guda. Sa'arka ɗaya, in bel ɗin 5S-FE ya tsinke fistin ba ya dukan bawul, mota za ta mutu ne kawai a inda take. Amma hanyar Funtuwa ba wurin kwana ba ce da iyali.

Wannan ba na ce ka yi shi kai kaɗai ba a karon farko. Sai an tallafe inji an cire mawuntin na gefen, ga notin fulin ƙasa da ke da taurin kai, ga saitin maki. Ka sayi kayan da kanka, ka sami bakanike, ka ja kujera ka zauna a kansa har ya gama, ka ce ya nuna maka makin kafin ya rufe. Kafin nan kullum da safe ka duba ruwa, kuma ka ɗaga tafiyar Asabar mai zuwa. Man da ka gani a ramin fulogi na uku kuma robar murfin saman inji ce, wannan kam za ka iya da kanka, in ka shirya ka yi magana in faɗa maka yadda ake yi.